Wanda Ya Zare Filogin

Ni ba na saurin yarda da mutum. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, duk wanda ya zauna da ni ya sani. Shekarun da na yi ina koyarwa a sakandare a Kafanchan sun koya mini cewa idan yaro ya buɗe ido ya ce, "Malama, ban sani ba," to ya sani sarai. Saboda haka ranar da na dawo daga gwajin waƙa na tarar kwamfutata ta ƙi tashi, ban ɓata lokaci wajen tambayar me ya faru ba. Tambayata ɗaya ce: wa ya yi?

Ba don kwamfutar kanta na damu ba. Tsohuwa ce, baƙa, maɓallanta sun koɗe, batirinta ya daɗe da mutuwa, ba ta aiki sai an jona ta da wuta. Abin da ke cikinta ne ya hana ni sukuni. Muryar Mama tana ciki.

A shekararta ta ƙarshe, lokacin da ƙafafunta suka daina kai ta gona, Mama takan zauna gindin mangwaro tana kankare citta tana waƙa da yarenmu. Waƙoƙin niƙa, waƙoƙin noma da ta taso da su a ƙauyensu kusa da Madakiya, da waƙoƙin coci da ita da kanta ta juya su zuwa yare tun tana shugabar zumuntar mata. Nakan ajiye wayata kusa da ita ina ɗauka. Bayan ta rasu na kwashe su duka na zuba a kwamfuta, kuma Allah ne ya sa na yi haka, don ba a jima ba aka zare mini wayar a cikin keke napep. Har yau direban nake zargi, ko da yake matar da ta zauna kusa da ni ma ban gamsu da fuskarta ba.

Malaman makarantarmu sun sha ce mini in ɗora waƙoƙin a intanet, wai can ba sa ɓata. Na ce a'a. Muryar uwata ba za ta kwana a ɗakin mutanen da ban sani ba. Haka aka yi duk duniya babu inda muryar take sai cikin wannan baƙar kwamfuta. Ga shi kuma na riga na tsaya gaban zumuntar mata na yi alkawari cewa ranar sujadar godiya ta cikarta shekara da rasuwa, kowa zai ji ta da kunnensa. Dangi daga ƙauye sun ji labari. Sauran mako guda.

Mu uku ne a gidan. Akwai Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda gwiwoyinsa sun gaji, kunnensa kuma sai an ɗaga murya. Daga ɗakinsa zuwa falo aiki ne a gare shi, da sanda, yana hutawa a hanya. Akwai matar ƙanena, wadda mijinta ke aiki a Kagarko, sai ƙarshen mako yake zuwa. Sai ni, a ɗakina da ke can ƙarshen tsakar gida.

Matar ƙanena ba ta taɓa son maganar waƙoƙin nan ba. Tun ranar da na faɗi niyyata ta ajiye ludayi ta ce, "Anti, muryar wanda ya mutu a cikin coci? Ni dai jikina bai ba ni ba. Kuma Baba fa? Kin san jininsa." Na ce mata uwata ce, ba fatalwa ba ce. Amma maganar Baba tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa ta fi ɓata mini rai. Duk lokacin da na ce zan kunna masa waƙar Mama, sai ya laluba sandarsa ya ce zai je ya ɗan miƙe. Ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa ya ji ba.

Ranar da abin ya faru, da rana na kunna kwamfutar don in zaɓi waƙoƙin da za a saka. Ta daɗe tana damuna da wani saƙo cewa tana so ta sabunta kanta, abin da yara ke kira ofdet. Kullum nakan ce mata sai anjima. Ranar nan hannuna ya kuskure na danna wajen da ba shi ba. Kafin in ce kwabo fuskarta ta koma shuɗiya, wasu ƙananan ɗigo suka fara zagaye, ga rubutu da Turanci cewa kada a kashe ta. Na zauna ina kallonta kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Lokacin gwajin waƙa ya yi, ita ko rabi ba ta kai ba. A makon nan wuta ta zauna daram, abin mamaki, don haka na bar ta a jone, na ja ƙofa. Ƙofar ɗakina idan damina ta yi nisa takan kumbura, ba ta kulluwa, sai dai a ja ta kawai.

Muna cikin coci hadari ya taso ta wajen dutsen Kagoro. Wanda bai taɓa yin damina a nan ba ba zai gane ba. Tsawar garinmu ba ta wasa, sai ka ji ta a haƙoranka. Muka daina waƙa don ba ma jin juna, ruwa yana dukan kwano, muka zauna jira. Duk zaman nan addu'ata ɗaya, kada a ɗauke wuta.

Da na dawo na tura ƙofa, sai na tsaya cak. An zare filogin daga bango. An naɗe wayar cajar tsaf, zagaye bisa zagaye, an ajiye a gefen tebur. An rufe kwamfutar, an kuma lulluɓe ta da zanen zumuntar Mama, wanda nake ajiyewa a ninke a bayan kujera. Ga danshi a ƙasa, alamar an shigo da jiƙaƙƙun ƙafafu.

Tsigar jikina ta tashi, don wannan aikin Mama ne sak. Tun muna kwatas ɗin ma'aikatan jirgi, wata shekara tsawa ta biyo wayar eriya ta ƙone mana rediyo. Daga ranar, da zarar hadari ya haɗo, Mama za ta bi ɗaki ɗaki tana zare duk abin da ke jone da wuta, ta rufe talabijin da zane, ta rufe madubi. Baba ya yi ta mata dariya shekara da shekaru, yana cewa ita tsawar makauniya ce da zane zai ɓoye mata abu? Mama ba ta taɓa kula shi ba.

Na yaye zanen, na jona, na danna. Ta kawo haske, ɗigon nan suka zagaya, ta ɗauke. Ta sake kawowa da kanta, ta sake ɗaukewa. Can sai ta nuna mini shuɗiyar fuska da rubutu mai yawa wanda ƙarshensa dai shi ne ba za ta iya tashi ba. Na ce, "Yesu!" Na zauna a bakin gado.

Da na dawo hayyacina na fara bincike yadda na saba. Na leƙa wajen maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara, wadda ta fi kowa sanin zuwan wuta da tafiyarta. Ta ce ko ƙiftawa ba ta yi ba ranar. To, ba wuta ba ce, hannu ne. Baba ba zai iya tsallake tsakar gida ana wannan ruwa ba, kuma shi ne mai dariyar rufe kaya da zane. Ƙanena yana Kagarko. Saura wa?

Na same ta a kicin tana dama faten acca.

Na ce, "Wa ya shiga ɗakina?"

Ta ce, "Anti, me ya faru?"

Kun ji fa. Na yi tambaya, an ba ni tambaya. Na gaya mata abin da ya faru, ina kallon idonta. Ta saki muciya, ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo! Waƙoƙin sun tafi?"

"Ban sani ba tukuna. Wa ya shiga?"

"Anti, ni ban taɓa kayanki ba."

"Ban ce kin taɓa ba. Cewa na yi wa ya shiga."

Ta sunkuyar da kai tana juya fate, har ya fara kamawa. Can ta ce, "Don Allah kada dai Baba ya ji maganar nan." Shi ke nan abin da ta faɗa. A raina na ce, lallai yarinyar nan ta ƙware. Ba kashe kwamfutar kaɗai ta yi ba, har da kwaikwayon Mama, don in tsorata in ce Mama ce da kanta ta zo ta nuna ba ta so a ji muryarta. Ni za a yi wa wannan wasan? Ni da na yi shekaru ina kama masu satar amsa?

Maganar ɓoye wa Baba kam na yarda da ita, don ba na so jininsa ya hau. Da yamman nan ma na tarar da shi cikin rigar sanyi yana tari, hancinsa na zuba. Na koma kicin na ƙara mata da cewa ko tagar tsoho ba za ta iya rufewa ba idan ana ruwa. Ta ce, "Yi haƙuri, Anti." Wannan haƙurin ma bai kwanta mini ba, ya yi saurin fitowa.

Na kira ƙanena na zayyana masa komai. Ya ce zai kira matarsa. Bayan ɗan lokaci ya sake kirana ya ce, "Yaya, ki bar maganar nan, ki nemi mai gyara kawai." Na ce, au, har an gama da kai? Ya ce ba haka ba ne. Na kashe wayar.

Washegari bayan an tashi makaranta na naɗe kwamfutar a tawul na sa a jaka. Amma kafin nan sai da na juya ta na ɗiga jan farce a kan kowane sukurun da ke bayanta. Masu gyara na san halinsu. Ka kai abu da ciwon kai, a cire masa hanta mai kyau a saka masa ruɓaɓɓiya, ka biya ka yi godiya. Idan aka kwance sukuru ɗaya, jan farcen zai tona.

Shagon farko da na shiga kusa da jami'a, mai shi ko zama bai ce in yi ba. Ya danna, ya kalli shuɗiyar fuskar, ya ce, "Madam, wannan sai fomat."

Na ce, "Mene ne fomat ɗin, yi mini da Hausa."

Ya ce a share komai a zuba sabo, yau ɗin nan zan tafi da ita tana gudu. Na ce kayan ciki fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai wanda ba ya ajiye kwafi shi ya so. Na fizge kayata. Har na kai bakin titi ina jin zafin maganar, don ta taɓa ni inda ke ciwo.

Sai na tuna da wani Malam a cikin kasuwa, ta wajen tashar jirgi. Gidansu tsofaffin 'yan kasuwa ne a garin nan, mahaifinsa atamfa yake sayarwa tun muna yara, shi kuma ya kama gyaran waya da kwamfuta. Mutum ne mai furfura a gemu, mai sanyin magana. Sanyin maganar ma sai da na sa masa ido, don masu irinta sun fi iya cuta.

Muka gaisa, ya tambayi Baba da jiki. Na gaya masa komai, ban da sunan wadda nake zargi. Ya juya kwamfutar, ya ga jan ɗigo a kan sukurori, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Malama, ita ma kwalliya take yi?"

Na ce, "Tana yi, Malam. Kuma na san adadinsu."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in bar ta in dawo gobe. Na ce inda take nan nake. Ya ce aikin zai ɗauki lokaci. Na ce ban da abin yi. Ya jawo mini benci ya karkaɗe, na zauna jakata a cinya, idona a kan yatsunsa.

Da farko ya jona ta da batirin shagonsa, ba da wutar gari ba, ya ce abin da ya same ta kada ya sake samunta a hannunsa. Ya kunna, tana fara tashi ya kashe da gangan, ya sake, ya sake. Na miƙe tsaye na ce, "Malam, abin da ya kashe ta ke nan kake ƙara mata!" Ya ce in zauna, haka ake yi mata har ta gane ba ta da lafiya ta buɗe wajen gyaran kanta. Ban yarda ba, amma sai ga shi ta buɗe wani shafi da ban taɓa gani ba. Ya ce ta gyara kanta. Ta yi ta nazari, ta dawo ta ce ta kasa. Ya ce ta koma yadda take kafin sabuntawar. Ta yi ta juyi, ita ma ta ƙi.

Aka kira la'asar. Ya ce zai je masallaci, in jira. Na zare kwamfutar na ɗora a cinyata na rungume har ya dawo. Masu shagon kusa suna leƙowa suna murmushi. Su yi ta yi.

Da ya dawo ya ce, "Malama, ƙofa ce ta ƙi buɗuwa, amma ina kyautata zaton kayan ɗaki suna nan. Ta taga za mu shiga." Ya ɗauko wani ɗan filashi ya ce akwai wata ƙaramar manhaja a ciki da za ta tayar da kwamfutar ba tare da ta bi ta hanyar da ta lalace ba. Na ce idan wannan abin ya kwashe mini kaya fa, ya ajiye a wajensa? Ya ce, "Me zan yi da takardun jarrabawar yaranki?" Na ce ba a sani ba.

Ya soka, ya danna wasu maɓallai da sauri, fuskar ta canza zuwa wata iri dabam, baƙuwa. Ya shiga nan, ya fita can. Ya ce da wane suna na ajiye su? Na ce "Mama." Ya gangara ƙasa a hankali. Ni dai na matso kusa. Sai ga shi, ɗan akwatin nan mai ruwan ɗorawa da na zuba waƙoƙin a ciki, da sunan a ƙarƙashinsa.

Ya ce a kwafe su yanzu kafin a taɓa komai. Ya miƙo filashinsa, na ce a'a. Na sa shi ya rufe kwamfutar rabi, na tsallaka wani shago can gaba inda ba su san shi ba, ina tafe ina waiwaye, na sayo sabo a cikin ledarsa. Da haƙorina na yage ledar a gabansa. Ya girgiza kai kawai ya kwafe.

Na ce, "Ta yaya zan san ba fanko ka kwafe mini ba?"

Ya ce, "To mu ji."

Ya danna ɗaya. Aka fara jin ƙarar wuƙa a jikin citta, da kukan kaza. Sai muryar Mama, kusa, kamar tana bayana, da Hausarta mai karkata ta mutanenmu: "Kin kunna abin? To kada ki sa ni dariya." Ta yi gyaran murya ta ɗauki waƙar niƙa.

A tsakiyar kasuwar Kafanchan, ga ƙarar janareta, ga masu acaba suna hon, ga mai rake yana kira, uwata tana waƙa. Na rufe fuskata da tawul ɗin da na naɗo kwamfutar na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza. Malam ya bari sai da waƙar ta ƙare. Sannan ya ce, "Allah sarki, Mama mai citta. Ta sha wahalar da babana wajen ciniki. Sai ta sa an sauke atamfa duka ta ce babu mai kyau." Na ce ai babu mai kyau ɗin ne. Muka yi dariya, ina share hanci.

Sauran aikin sai da muka kai washegari, kuma tare da kwamfutar na kwana na dawo da ita. Ya cire sabuntawar da ta tsaya rabi, ya tayar da ita, ya bar ta ta sake yi daga farko har ta gama, ina zaune. Ba a share komai ba. Ya ce in sa sabon batir, don muddin babu shi, duk wanda ya taɓa filogi ya kashe ta. Na juya batirin gaba da baya, na shinshina, na sa aka saka. Na duba sukurorina, jan farce yana nan lafiya.

Ina sa ta a jaka ya ce, "Malama, wanda ya zare ɗin nan wataƙila bai san tana aiki ba."

Na ce, "Ya sani, Malam. Har zane ya rufa mata."

A gida ban ce wa matar ƙanena an gyara ba. Kwanakin nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Takan kawo mini abinci ta ajiye, in ce na gode ba tare da na ɗago ba. Ina lura da ita tana kai wa Baba ruwan zafi da citta da zuma saboda tarin, tana shafa masa man zafi a gwiwa. Na ce a raina, mai laifi dama ya fi kowa hidima.

Ana gobe sujadar, da yamma kafin baƙi su fara isowa, na ɗauko kwamfutar na kawo falo. Da gangan na yi. Ina so ta ji da kunnenta cewa aikinta bai ci ba. Na jona caja a bango, na haɗa da lasifikar da na aro daga coci, na ajiye zanen Mama a hannun kujera don ta gan shi. Baba yana zaune a kujerarsa da rigar sanyi. Ita tana bakin ƙofa tana tsince shinkafar gobe. Gari ya yi duhu ta wajen Kagoro, iska ta fara kaɗa labule.

Na ƙure ƙara na danna.

"Kin kunna abin? To kada ki sa ni dariya."

Tiren shinkafa ya tsaya a hannunta. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika da hawaye, ta ce, "Anti! An samu? Mun gode wa Ubangiji!" Na ce a raina, ji munafunci. Baba kuwa ya ƙura wa lasifikar ido, leɓensa yana motsi.

Sai walƙiya ta haska falon, tsawa ta biyo baya har gilashin taga ya amsa. Baba ya laluba sandarsa. Na ce to, zai tafi ya miƙe kamar kullum. Ya yunƙura, ya tashi da ƙyar. Amma bai nufi ɗakinsa ba. Ya ja ƙafa zuwa bango, ya dafa tebur, ya sunkuya yana nishi, ya zare filogin. Ya jingina sandar a cinyarsa ya fara naɗe wayar a hannu, zagaye bisa zagaye, tsaf, yadda ma'aikatan jirgi ke naɗe igiya.

Mama ba ta daina waƙa ba. Ya tsaya da wayar a hannu yana kallon kwamfutar.

Ya ce, "Au, ba ta ɗauke ba?"

Na ɗaga murya na ce, "Na sa mata sabon batir, Baba."

Ya ce, "To madalla. Amma ki daina barin ta a jone idan hadari ya taso. Ran nan kika tafi coci kika bar ta, ina hango haskenta ta taga. Na ce yarinyar nan ba ta da hankali, uwarta tana ciki, ga tsawa. Kin manta rediyonmu?" Ya nuna matar ƙanena da haɓa. "Da ƙyar na tsallake tsakar gidan nan, sau nawa ina zamewa. Wannan ce ta zo ta same ni a ɗakinki ta janye ni, tana ta yi mini faɗa wai zan kashe kaina. Na ce ta bar ni in rufe tukuna."

Na juya na dube ta. Ta ɗan girgiza mini kai kawai, kaɗan, yadda shi ba zai gani ba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na rasa inda zan sa idona.

Baba ya ɗauki zanen daga hannun kujera, ya warware shi, ya lulluɓe kwamfutar, ya gyara gefe da gefe kada wani wuri ya fito. Muryar tana fitowa ta lasifika, ta kai wajen da Mama ke jan baitin nan mai tsawo har numfashinta ya kusa ƙarewa.

Ya ce, "Da ban je ba, da yanzu babu ita."

Na ce, "Haka ne, Baba. Sannu. Ka kyauta."

Ya gyaɗa kai. Bai koma ɗakinsa ba. Ya jawo kujerar roba kusa da teburin ya zauna, ya ɗora tafin hannunsa a kan zanen. Ruwa ya sauko da ƙarfi a kan kwano. Ya ce in ƙara masa ƙara, ba ya ji sosai. Na ce ta ƙure. Matar ƙanena ta ajiye tiren, ta ɗauko lasifikar ta riƙe masa kusa da kunnensa, ni kuma na matsa na ba ta wuri a kan kujerata.